Babbar Majami'ar Ƙurɗuba da Zaurukan Karatu na Arewacin Kano

1.0 Gabatarwa

A ƙauyukan arewacin Kano, irin su na ƙasar Ɗambatta da Makoɗa da Bichi da Kunci da Minjibir, inda gona take haɗe da gona, gida kuma yake hangen gida, da wuya watan Maulidi ya kama ba a ji muryar masu Ishiriniya ba. Manya da yara sun san sautinta, ko da kuwa ba su san ma'anar baitocinta ba. Amma ƙalilan ne suka san cewa mawallafinta, watau Alfazazi, haifaffen wani birni ne na ƙasar Sifen mai suna Ƙurɗuba, wanda mutanen can suke kira Kordoba. Babban masallacin da malaman wannan birni suka yi karatu da karantarwa a cikinsa yana nan tsaye har yau, sai dai majami'a ce ta mabiya ɗariƙar Katolika, kuma haka yake tun shekarar 1236.

A wannan maƙala za a yi ƙoƙarin bayyana tarihin wannan gini, da abin da baƙo zai tarar idan ya ziyarce shi, da ladubban ziyarar. Daga nan za a duba dangantakarsa da karatun da ake yi a zaurukanmu, don a ga abin da ya rage na gadon Andalus, da kuma inda ya rage.

2.0 Birnin da Asalin Ginin

Ƙurɗuba tana kudancin Sifen, a lardin Andalusiya, a bakin kogin Guadalquivir, sunan da aka samo daga Larabci, watau "Alwadil Kabir", babban kogi. Tun daga 1992 akwai jirgin ƙasa mai gudun gaske da yake kai matafiyi can daga Madrid cikin ƙasa da awa biyu.

Musulmi sun shiga ƙasar a 711 ƙarƙashin Ɗariƙu ɗan Ziyad. A 756 wani jikan gidan Umayyawa, Abdurrahman Addakhil, wanda ya tsira daga kisan da Abbasiyawa suka yi wa danginsa a Sham, ya kafa sarautarsa a Ƙurɗuba. Shi ne ya aza harsashin masallacin a wajajen 785. Tsofaffin littattafan tarihi sun ce a wurin akwai wata majami'a ta Waliyyi Bisente, wadda sarkin ya saya daga hannun Kirista. Masanan zamani suna da saɓani a kan wannan ruwaya, amma an tono kufan wani gini da ya girmi masallacin a ƙarƙashin daɓen, har ma an bar wata kafa da baƙo zai leƙa ya gani.

Da jama'a ta yawaita, sai sarakunan da suka biyo baya suka riƙa faɗaɗa shi. Abdurrahman na Biyu ya yi ƙari tsakanin 833 da 848. Abdurrahman na Uku, wanda ya ɗauki laƙabin Halifa a 929, ya gina hasumiya a wajajen 951. Ɗansa Alhakam na Biyu, da ya hau gado a 961, shi ya gina mihirabin da ake gani a yau. Ƙari na ƙarshe, kuma mafi girma, na waziri Almansur ne, wanda aka fara a 987. Da wannan ginin ya kai tsawon mita 180 da faɗin mita 130, har da harabarsa. Idan aka auna da ma'aunin manomi, wannan ya tasam ma eka 6.

3.0 Yadda ya Zama Majami'a

Halifancin Ƙurɗuba ya wargaje a 1031, ƙasar ta rarrabu tsakanin ƙananan sarakuna masu gaba da juna. Hausawa kuwa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A watan Yuni na 1236 Sarki Fernando na Uku na Kastila ya ci birnin, aka keɓe masallacin ya zama babbar majami'a da sunan Nana Maryamu. Babbar majami'a, ko katidiral, ita ce wadda kujerar bishop take a cikinta, watau shugaban limaman Katolika na yanki guda.

Abin lura shi ne, ba a rushe ginin ba. A Toledo an fara rushe babban masallaci a ƙarni na 13 don gina sabuwar majami'a, haka kuma aka yi a Ishbiliya a ƙarni na 15, inda hasumiya da haraba kaɗai suka tsira. A Ƙurɗuba kuwa, kusan shekara 300 ana ibadar Kirista a tsakanin ginshiƙan, yawancinsu kamar yadda suke, sai ɗakunan ibada da aka riƙa ƙarawa. Har ma magina da masassaƙa Musulmi da suka rage a birnin aka ɗora wa aikin gyare-gyarensa.

Babban sauyi ya zo ne a 1523, sa'ad da Bishop Alonso Manrique ya ƙudura gina sabuwar majami'a mai tsawo a tsakiyar ginin. Majalisar garin, wadda dukkan mutanenta Kirista ne, ta ƙi amincewa, har ta yi shelar hukuncin kisa ga duk maginin da ya sa hannu a rusau. Magana ta kai gaban Sarki Karlos na Biyar, ya ba bishop izini. An ruwaito cewa da sarkin ya zo ya ga aikin da idonsa, ya yi nadama, yana cewa an ɓata abin da babu irinsa don a gina abin da ake samu ko'ina. Magini Hernán Ruiz ne ya fara aikin, ba a kammala ba sai a farkon ƙarni na 17. Hasumiyar ita ma, daga 1593 aka lulluɓe ta da sabon gini, ta zama hasumiyar ƙararrawa mai tsawon mita 54.

Irin wannan juyi ba a Sifen kaɗai ya faru ba, kuma ba ta fuska ɗaya ba. Ayasofiya ta Istambul majami'a ce da aka kammala a 537, ta zama masallaci a 1453, ta koma gidan tarihi a 1935, sa'an nan ta sake zama masallaci a 2020. Wanda ya ci gari, shi yake da babban ɗakin ibadarsa. Haka duniyar wancan zamani take.

4.0 Abin da Baƙo Zai Gani

Baƙo yakan fara shiga haraba ne, inda a dā masallata suke alwala. Yanzu itatuwan lemo ne a jere, da ƙananan magudanan ruwa a tsakaninsu. Daga nan sai ya shiga cikin ginin, ya bar hasken rana ya faɗa cikin inuwa mai sanyi, ya tarar da ginshiƙai fiye da 850 na dutse sun jeru ta kowace fuska, kamar kurmin dabino.

Yawancin ginshiƙan sashen farko an ɗebo su ne daga kufan gine-ginen Rumawa da na waɗanda suka gaje su, kuma gajeru ne. Da a ce a kansu aka ɗora rufi kai tsaye, da ɗaki mai wannan faɗi ya zama kamar kogo. Sai maginan suka yi dabara: suka ɗora baka biyu, ɗaya bisa ɗaya. Na ƙasa, mai siffar kofaton doki, yana ɗaure ginshiƙi da ginshiƙi. Na sama kuwa shi yake ɗauke da rufin. An gina bakan da jan bulo da farin dutse, ja bayan fari, fari bayan ja. Duk wanda ya san ginin Hausa zai gane matsalar nan take, domin maginin ƙasa shi ma gajeruwar azara ce take takura shi. Shi ya sa yake ɗaura azara a kan azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, har su haɗu a sama su zama bakan gizo, kamar yadda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Ba ana nufin wannan ya koya daga wancan ba ne. Matsala ce iri ɗaya ta haifar da hikima mai kama da juna.

A can ƙuryar ginin mihirabin Alhakam yake. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, an ƙawata ƙofarsa da gutsattsarin gilashi masu launi da ruwan zinariya, an jera su sun ba da furanni da ayoyin Alƙur'ani. Marubutan tarihi sun ce gwanin wannan aiki Kirista ne, wanda Sarkin Rum na Ƙusɗanɗiniya ya aiko bisa roƙon Halifa. Wani abu da zai ɗaure wa Bahaushe kai shi ne, a wurinmu gabas da alƙibla kusan abu ɗaya ne, amma wannan mihirabi kudu yake fuskanta. Wasu masana sun ce an bi tsarin titunan tsohon birnin Rumawa ne, wasu kuma sun ce ra'ayin malaman farko na Andalus da Magrib ke nan game da alƙibla.

Yana cikin tafiya tsakanin ginshiƙan, ba zato sai baƙo ya ga rufi ya yi sama ƙwarai, haske ya kwararo ta tagogi. Ya shigo majami'ar 1523 ke nan. A nan zai ga bagadi, watau teburin da limamin Katolika yake tsayawa gabansa don jagorantar babbar ibadarsu da ake kira Misa. Bayan bagadin akwai bango na jan marmara mai zane-zane, a gabansa kuma mazaunin limamai da mawaƙa, wanda Pedro Duque Cornejo ya sassaƙa da katakon mahogani a tsakiyar ƙarni na 18. Taki kaɗan ne tsakanin wannan wuri da mihirabi, kuma rufi ɗaya ne ya haɗa su.

Hukumar UNESCO ta sa ginin cikin jerin kayan tarihi na duniya a 1984. A 2019 mutane fiye da miliyan 2 suka ziyarce shi. Ranar 8 ga Agusta, 2025, gobara ta tashi a sashen Almansur, har rufin wani ɗakin ibada ya rufta, amma aka kashe ta a daren, aka kuma buɗe wa baƙi washegari.

5.0 Ladubban Ziyara

Abu na farko da ya kamata maziyarci ya riƙe shi ne, wurin ba kufai ba ne, ba kuma gidan tarihi kawai ba ne. Majami'a ce da ake ibada a cikinta kullum. Masu yawon buɗe ido sukan yanki tikiti, kuma ranar Lahadi da ranakun idinsu akan dakatar da zagaye a lokacin ibada. Akwai kuma bambancin al'ada da ya dace a sani. Mai shiga masallaci yakan tuɓe takalmi ya bar hularsa. A majami'ar Katolika kuwa namiji yakan tuɓe hula ne ya bar takalminsa. Kowanne girmamawa yake nufi. Ana son sutura ta kamala, da sassauta murya, da barin masu addu'a su yi addu'arsu.

Na biyu, ba a yarda Musulmi ya yi salla a ciki ba. Musulmin Sifen sun nemi izinin haka daga fadar Paparoma a 2004 da 2006, ba su samu ba. A 2010 wasu matasa baƙi daga ƙasar Austiriya sun ta da salla a ciki, abin ya kai ga dambe da masu gadi da shiga hannun 'yan sanda. Akwai kuma wata taƙaddamar tsakanin Sifaniyawa su da kansu, tun da aka gano cewa a 2006 hukumar majami'ar ta yi rajistar ginin da sunanta, alhali wasu suna ganin dukiyar al'umma ce baki ɗaya. Wannan magana ce ta masu gida. Baƙo kuwa, an ce idan ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi igiya ka ɗaura. Ba a ce ya bar addininsa ba. Akwai masallatai a birnin da zai je ya yi sallarsa. Mu ma a nan muna da maƙwabta Kirista, Hausawa da waɗanda ba Hausawa ba, kuma babbar majami'ar Katolika ta Kano tana cikin gari. Ladabin da muke so baƙo ya yi a ƙofar masallacinmu, shi ne za mu yi a ƙofar ɗakin ibadar wani.

6.0 Abin da ya Fita Kafin a Rufe Ƙofa

Ba mamaki Musulmin da ya tsaya gaban wannan mihirabi ya ji zuciyarsa ta sosu. Amma kafin ya ce an yi asarar kome, ya kamata ya tambayi kansa: me ake yi a cikin ginin a zamanin da yake masallaci? Bayan salla, karatu ake yi. Malami ya jingina da ginshiƙi, ɗalibai su kewaye shi, daidai da yadda malamin zaure yake zama a kan buzu a Ɗambatta. Wannan karatu kuwa bai tsaya a Ƙurɗuba ba. Ga misalai.

Muwaɗɗa ta Imamu Malik da ake karantawa a ƙasar Hausa, ruwayar Yahaya ɗan Yahaya Allaisi ce, babban malamin Ƙurɗuba da ya rasu a 848. Ashafa, wadda ake karantawa da azumi, ta Alƙali Iyal ce, mutumin Sabta, wanda ya yi ɗalibta a Ƙurɗuba, ya yi alƙalanci a Garnaɗa, ya rasu a 1149. Alfiyya, da ɗalibin nahawu yake haddacewa, ta Ibn Malik ce, haifaffen Jayyan, maƙwabciyar Ƙurɗuba. Tafsirin Ƙurɗubi sunan garin ma yake ɗauke da shi. Mai shi ya bar Andalus ya rasu a Masar a 1273. Tuhfa, abokiyar aikin alƙalai, ta Ibn Asim ce na Garnaɗa, wanda ya rasu a 1426. Ishiriniya kuwa an wallafa ta a wajajen 1208, watau ƙasa da shekara 30 kafin birnin ya fita daga hannun Musulmi. Baiti ashirin-ashirin ne ga kowane harafi, shi ya sa ake kiranta haka, kuma da tahamisin Ibn Mahib ake rera ta a nan.

Hatta allon almajiri yana da rabonsa. Ruwayar Warshu da ake karanta Alƙur'ani da ita a tsangayunmu, ita ce ta Andalus da Magrib. Haka nan salon rubutun da ake sa wa fa ɗigo ɗaya a ƙasa, a sa wa ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Abu Amrin Addani, wanda ya zama madogara a ilmin ƙira'a da ƙa'idojin rubutun Alƙur'ani, a Ƙurɗuba aka haife shi a 981.

Waɗannan littattafai sun bi ta Fas da Tilimsan da Tunis da Masar, suka ƙetaro Sahara a cikin gafakar malamai da kayan fatake. Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a Sifen, ta faɗi a 1492, daidai zamanin da Shaihu Almagili ya zo Kano wurin Sarki Muhammadu Rumfa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambata cewa a zamanin Sarki Muhammadu Kisoki, a ƙarni na 16, wani Shaihu Tunusi ya kawo Ashafa, kuma Sarki Abubakar Kado ya karance ta. A ƙarni na 17 Ɗan Masani na Katsina ya rubuta wa Ishiriniya sharhi. A wannan ƙarni ɗin dai, tsakanin 1609 da 1614, aka kori ragowar zuriyar Musulmi daga Sifen. Watau a lokacin da karatun yake mutuwa a mahaifarsa, a lokacin yake yin saiwa a nan.

7.0 Shaidar Harshe

Masu nazarin harshe za su ga wata alaƙar. Sifaniyanci da Hausa ba su taɓa yin maƙwabtaka ba, amma dukkansu sun sha daga rijiyar Larabci, kuma sau da yawa sukan aro kalma tare da "al" ɗinta. Shugaban gari a Sifen "alcalde" ne, kalmar da ta fito daga inda "alƙali" ya fito. "Almizcle" shi ne almiski, "almud" shi ne mudu, "azúcar" sukari, "aceituna" kuwa zaitun. Sunan da mutanen Ƙurɗuba suke kiran ginin da shi har yau, "Mezquita", asalinsa "masjid" ne. Shekara kusan 800 ana buga ƙararrawa a wurin, amma a bakin jama'a sunansa masallaci. Harshe yakan riƙe abin da hukuma ta sauya.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa gadon Ƙurɗuba ya rabu gida biyu. Bango da ginshiƙai suna hannun majami'a, kuma gaskiya ita ce amfani da su da kula da su ne suka sa suka kawo yau. Karatun kuwa yana hannun malamin ƙauye, wanda zai dawo daga gona ya wanke ƙafa ya zauna a zaure, ya karanta baitin Alfazazi ya fassara shi kalma-kalma da Hausa, yadda ya ji daga malaminsa.

Kashin farko yana da masu gadi da injiniyoyi da kuɗin tikiti. Da wuta ta kama shi, duniya duka ta ji. Kashi na biyu ba shi da mai gadi. Idan tsohon malami ya rasu, 'ya'yansa suna birni wurin neman abinci, littattafansa sukan zauna a cikin gafaka har gara ko ɗigar damina ta gama da su, fassararsa ta baka kuma ta bi shi kabari. Wannan Hausa ta fassara, da kalmominta da ba a jin su a kasuwa, taska ce ga mai nazarin harshe. Ya kamata sassan Hausa da Larabci na jami'o'inmu, musamman Jami'ar Bayero, da ma'adanai irin su Gidan Ɗan Hausa a Kano da Arewa House a Kaduna, su ƙara himma wajen bin ƙauyukan nan, su ɗauki muryoyin masu karatu, su ɗauki hoton rubuce-rubucen hannu, su bar wa masu su kayansu.

Wanda Allah ya hore wa zuwa Sifen, ya je Ƙurɗuba, ya shiga da ladabi, ya ba idonsa abinci. Wanda bai samu zuwa ba, ya je zauren malamin unguwarsu bayan sallar Asuba ya zauna ya saurara. Allah Ya sa mu dace.